Baƙin Tuwon Gidanmu

Takalmin Baba na fara gani. Yana ajiye a bakin zaure inda ya saba ajiye shi, amma an tsaga na ƙafar dama da reza tun daga sama har kusan baki, fatar ta wage. Na tsaya da akwatina a ka ina kallonsa. Baba mutum ne mai tattalin takalmi, ko 'yar ƙasa ta hau sai ya sa tsumma ya goge kafin ya hau babur. Na san duk abin da ya sa ya yarda aka sa wa takalminsa reza ba ƙarami ba ne.

Hutun ƙarshen zango ne, na dawo Gwarzo daga makarantar kwana da nake yi a wajen Kabo. Shekarun da aka fara shari'a ne a Kano, mata a kujerun baya na mota, maza a gaba, don haka a matse na zo tsakanin wata mai daddawa da buhun barkono, ina ta atishawa a cikin hijabi. Lokacin kuma albashi sai ya ga dama yake zuwa. Baba ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, kuma ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata.

Na same shi a ɗakinsa a kan tabarma, ya miƙe ƙafar dama a kan matashi. Fuskarsa ta faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma tumbinsa yana nan yadda na bar shi. Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli, an naɗe babban yatsan da bandeji. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni hanya da malamai da jarrabawa, ya ce sanyi ne ya sauko masa a ƙafa, ba wani abu ba ne. Kafin in tashi ya shanye ruwan da ke cikin moɗa ya ce in ƙaro. Da na shiga makewayi na ga kiyashi sun yi layi a daidai wajen da ake tsugunawa. Ban taɓa ganinsu a nan ba.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar magana da ni. In tana so in san abu, sai ta faɗa wa wani a inda zan ji. Washegari ina wanke-wanke a gindin rijiya maƙwabciyarmu ta shigo. Kirista ce 'yar Filato, tana koyar da kimiyya a sakandaren garin, kowa Malama yake ce mata. Ita Inna ta zayyana wa komai, da murya daidai yadda za ta iso gindin rijiya.

Likita ya ce ciwon ba ɗaya ba ne. Sukari ya hau, jini ya hau, kitse ya yi yawa a cikin jini, kuma duk tafiyarsu ɗaya da tumbin nan. Tuntuɓe ne kawai Baba ya yi a yatsa, amma ciwon ya ƙi kamewa saboda sukarin. An ba shi ƙwayoyi. An hana shi lemon kwalba da shayi mai sukari da farar shinkafa da burodi. An ce ya riƙa cin wake da ganye, tuwonsa kuma a niƙa hatsin da dusarsa, kada a surfe. Inna ta ƙara da cewa Baba ya hana a faɗa wa kowa, domin in labari ya kai ofis cewa yana da ciwon da ba ya warkewa, sunansa ne zai fara fita in an zo rage mutane.

Na tuna lokacin da tumbin ya fara fitowa, bayan an ba shi kujera a ofis ya daina zuwa gona. Mutane barka suke yi masa. Hutu ya zauna, in ji su.

Maganar surfe kuwa ba a hannun Inna take ba. A gidanmu kakata ce, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, take da iko da turmi. Ta tsufa ba ta iya ɗaga taɓarya, amma kujerarta tana gefen turmin, kuma ba a kai hatsi inji sai ta damƙo ta murza a tafin hannu ta ga ya yi fari. In ta ga sauran ɓawo sai ta ce a yayyafa ruwa a koma. Dusar da aka bakace a zuba wa awaki. Tun da Baba ya kwanta ta ƙara tsanani. Marar lafiya, a wajenta, abin da ya fi laushi da fari ake ba shi. Masu zuwa dubiya su ma haka suka sani: lemon kwalba, burodi, gwangwanin madara. Wani abokin aikinsa ya kawo zuma daga ɗaya daga cikin shagunan maganin Musulunci da suka yawaita a lokacin, Iya ta karɓe kwalbar ta ajiye a ɗakinta, kullum da safe ta kai masa cokali cike da bismilla. Ba ya iya ce mata a'a.

Da Inna ta gwada yi mata bayanin abin da likita ya ce, Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ta ci dusa, ba labari aka ba ta ba. A shekarar fari, a ƙauyensu wajen Lakwaya, da dusar suka rayu, tana goye da ƙanin Baba wanda bai kai yaye ba ya koma. Ta ce a wancan tsuke bakin aljihun na farko da gwamnati ta yi kuma, ta ga matan aure da idonta a bakin inji suna sayen dusa suna cewa ta akuya ce, alhali kowa ya san ko kaza ba su da ita. Ta rantse tun a lokacin cewa muddin tana numfashi ɗanta ba zai ci abincin dabba ba.

A makarantar Islamiyya an taɓa gaya mana cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su da rariya, garin sha'ir hura shi kawai suke yi su kwaɓa abin da ya rage. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na kalli Iya, na haɗiye ta.

Malama ce ta yi ƙarfin hali. Wata rana da hantsi ta shigo da kwano a rufe, gwate ne irin na garinsu, tsakin masara da wake da yakuwa da gauta, ganyen ya fi tsakin yawa. Tun da aka fara shari'a ta koma yafa babban gyale ko da nan da ƙofar gida za ta, kuma ba ta iya riƙe shi ba, kullum yana zame mata. Ta zauna kusa da Iya tana gyara shi, ta yi mata bayani a hankali. Ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu amfani ne, kuma abincinsu shi ne abin da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin su dusa da ɓawon wake da zaren ganye. In sun samu, suna fitar da abin da ke taimakawa wajen kwantar da kumburin cikin jiki. Sannan abincin da ke da dusarsa ba ya juye wa jini sukari a lokaci guda, a hankali yake sakinsa. Ta ce wannan ba ya maye gurbin ƙwayoyin likita, hannu yake ba su.

Iya ta saurare ta har ƙarshe, domin tana ganin girmanta. Sannan ta ce, “Malama, wato tsutsar ciki ma yanzu kiwonta ake yi?”

Malama ta yi dariya har gyalen ya faɗi. “Kiwo kuwa, Iya. Gara ita ma, ba ta shiga gonar mutane.”

“To ku kiwata a gidanku. Mu nan awaki muke da su.”

Amma ta ɗanɗana gwaten, ta ce ya ji daddawa, kuma ba ta hana a kai wa Baba ba. Daga ranar muka sami ɗan sarari. Inna takan ɗebi kaura ta wanke ta shanya a bayan ɗakinta inda Iya ba ta zagawa, ni kuma in kai inji a ƙarƙashin hijabi. Mai injin ya dube ni ranar farko ya ce na manta ban surfa ba. Na ce a haka aka aiko ni. Ya ɗaga kafaɗa ya zuba. Garin ya fito ja-ja, da ɗigo-ɗigo a ciki. Tuwonsa baƙi ne, mai nauyi, ba ya sulɓi a hannu, kuma yana da wani ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Da miyar kuka ko ta ɗanyar kuɓewa yana shiga. Da rana Baba yakan ci a ɗaki, ƙofa a saye. Da safe wake ne da zogale. Ina lura da moɗarsa: a kwanakin nan ba na cika ta sau da yawa kamar da.

Sai dai abincin dare ba a ɗaki ake cinsa ba. A layinmu magidanta ciyayya suke yi. In an idar da sallar magariba sai su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Baba Alhaji, kowane gida a fito da kwanonsa, a haɗu a ci. Baba Alhaji ƙanin kakana ne, shi ne babba a layin, kuma shi yake buɗe kwanuka. Wanda ya fara sa wa hannu shi kowa yake bi, sai an gama da shi a jawo na gaba. Mutum ne mai barkwanci, babu tuwon gidan da bai yi wa suna ba. Ba a ƙin fita ciyayya sai in mutum ya kasa tashi, kuma ba a zama a naɗe hannu ana cin na wani gida. Baba yakan dogara sanda ya fita. A can zai ci tuwon shinkafar wannan gida, ya ci taliyar wancan, ya kora da kunun zaƙi in an kawo. Kwanon gidanmu kuma farin tuwo ne wanda Iya ta duba surfensa. Duk abin da muka tara da rana, magariba ta rushe shi.

Bangon zaurenmu ne ya raba mu da wajen da suke zama. Ni nake kai kwano bakin zaure, ni nake ɗauko shi, don haka nakan tsaya a ciki, a bayan ƙyaure, ina jin ƙarar murafai. Har na iya bambance murfin kowane gida.

Inna ta yi ta lallashin Baba har ya yarda a fitar da baƙin tuwon sau ɗaya, ko ya sami abin da zai fi mai da hannu a kai. Ranar Iya tana kwance da ciwon baya. Inna ta gyara malmalar da kyau, ta yi miyar kuka da man shanu kaɗan. Na kai, na laɓe.

Na ji an buɗe namu. Sai muryar Baba Alhaji yana ce wa Baba: “A'a. Malam, wannan tuwo ne, ko cikin tubalin ginin masallaci aka ɗebo mana?”

Aka yi dariya. Wani ya ce ai in aka jefi kare da shi sai an biya diyya. Wani daga gefe ya ce, “Ku bari, albashi ne bai zo ba.” Da wasa ya faɗa, amma dariyar ta tsaya a nan. Na ji an mai da murfin a hankali, an jawo wani kwanon. Da na ɗauko kwanon, gefe ɗaya ne kawai aka gutsura, daidai inda Baba yake zama.

Da safe sallama ta fara. Matar wannan gida ta aiko da shinkafa a ƙwarya an rufe da faifai. Wancan gida taliya. Daga gidan Baba Alhaji aka kawo rabin buhun farar masara, surfaffiya tas, da saƙon cewa a yi haƙuri, ba a san abin ya kai haka ba, kuma don me za a ɓoye wa 'yan'uwa. Ba gori a ciki ko kaɗan. Da gori ne da ya fi sauƙi.

Iya ta fito dafe da bayanta ta tsaya a kan kayan. Ba ta yi faɗa ba, sai ta koma ɗaki, na jiyo tana fyace hanci. Baba ya kira Inna. Ina tsakar gida ina shara, na ji abin da ya ce, duk da a hankali ya faɗa, domin gidan ya yi tsit: “Kin sa an mai da ni abin sadaka a layin ubana.” Ya ce kada a ƙara niƙa masa wannan garin, ko na rana. Ba a mai da kyauta, saboda haka shinkafar nan da masarar nan mu muka ci su, har da shi.

Moɗa ta koma yadda take da farko. Da safe in Inna tana wanke masa yatsan da ruwan ɗumi da gishiri, ni nake riƙe kwanon. Ba na kallon fuskarsa, ƙafar nake kallo. Bakin ciwon ya fara duhu, kuma akwai wani wari da ba na tsohon bandeji ba. In Inna ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin yakan lotsa ya daɗe bai ciko ba. Na fara auna duhun da idona, daga ƙumba zuwa gaɓar farko, kullum in ga kamar ya matsa, in ce wa kaina hasken ɗakin ne.

Ranar da Baba da Inna suka koma asibiti, suna dawowa Baba ya shige ɗaki. Inna ta jira Malama. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba, sai da na matso da tsintsiyata. Likita ya yi faɗa. Ya ce sukarin ya fi na wancan zuwan. Ya ce in aka dawo duhun ya wuce yatsan, Kano zai tura su, kuma a can abin da za a duba shi ne daga ina za a yanke.

Malama ta gama saurare. Sannan ta gaya wa Inna nata labarin. Ana ta jita-jitar tashin hankali a wasu garuruwa, mijinta ya riga ya tura yaransu gida, ita ma za ta bi su a ƙarshen mako. Ta ce a nan ba wanda ya taɓa yi mata ko kallon banza, amma danginta sun hana ta sakat. Ko za ta dawo in an koma makaranta, ba ta sani ba. Ta kawo wa Inna ragowar accar da take da ita a leda, ta ce a yi wa Baba fate da ganye, ko a ɗaki ne. Suka riƙe hannun juna. Ni kuwa abin da ya zo mini, Allah ya yafe mini, shi ne in ta tafi wa Inna za ta riƙa faɗa wa magana don in ji.

Hutu ya kusa ƙarewa. Na fara wanke kayan makaranta ina lissafin abin da zan tarar in na sake dawowa. Na duba kowa a gidan. Inna an rufe mata baki. Iya ba za ta sauya ba, kuma ban ga laifinta ba. Baba ya fi tsoron idon mutanen layi da takardar sallama daga ofis a kan wuƙar likita, ko kuma dai su ne a kusa, ita tana Kano. Mutum ɗaya ne in ya ce a yi abu a layin nan, Baba ba zai musa ba, Iya ma ba za ta musa ba, domin ƙanin mijinta ne: Baba Alhaji. Kuma ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ko a aji ba na ɗaga hannu, ko na san amsa.

Ba zan iya gaya masa ciwon ba. In ya sani, layi ya sani, in layi ya sani, ofis ya sani. Na yi ta juya maganar a raina ina cire duk abin da zai tona Baba, har abin da ya rage bai fi a faɗa da numfashi ɗaya ba.

Da hantsi na same shi. Yana kan dakalin ƙofar gidansa shi kaɗai, rediyo a gefe, yana gyara igiyar guga. Sau biyu ina wuce shi kamar an aike ni, sannan na dawo na durƙusa nesa kaɗan. Na gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, ya amsa, na sake gaishe shi da kwana.

“'Yar boko,” ya ce, “gaisuwar nan taki ta fi ta mai neman rance tsawo. Yaya ƙafar uban naki?”

Na ce da sauƙi.

“Masarar ta isa? In ta ƙare a yi magana. Ba na son in sake ganin tubalin nan a tabarmata.”

Na kafa ido a kan igiyar da ke hannunsa. Ya ga ban tashi ba, sai ya rage muryar rediyon, ya ce in faɗi abin da ya kawo ni, ba ya cizo, haƙoran ma sun ƙare.

Na ce, “Baba Alhaji, tuwon nan na rannan ba rashi ne ya sa aka yi shi ba. Don Allah kada ka tambaye ni dalili. Ka ce wa Baba kai kake sha'awarsa, a riƙa yi maka kullum. In an fito da shi kuma, don Allah ka fara sa hannu a namu.”